Bayan Manoma, Kafin Addu'a

Litinin, 8 ga Disamba, bayan la'asar

Matata Hadijatu ta ce in daina magana ni kaɗai a tsakar gida, kada maƙwabta su ce tsoho Gajere ya taɓu. To, na sayi littafi. Shi dai ba ya kai rahoto.

Yau wata huɗu da kwana tara ke nan da aka tare ɗana Fousséni a hanyar Mandouri. Abin da aka ce an gani a cikin motarsa ba zan rubuta ba. Direba ne. A ɗora masa kaya ya ja, haka yake yi tun bai fara aske gemu ba. Yana can Dapaong, a gidan nan mai dogon bango. Ba alƙali, ba rana, ba wanda ya ce masa ga laifinka a rubuce. Yayarsa Zénabou ke kai masa abinci idan ta tashi daga kasuwar albasa.

Ni kuwa ina nan Sokodé ina aikina. Shekara ashirin da shida ni ke mai da jawabin Mai Kujera, wato shugaban ƙasa, daga Faransanci zuwa Hausa a gidan rediyonmu, a ɗauki muryata a aika wa sauran tashoshin arewa. Wato uban wanda aka kulle shi ne bakin wanda ya kulle. Allah bai hana dariya ba, amma wannan ba ta zo mini ba tukuna.

Laraba, 10 ga Disamba, da hantsi

Ba mai a gidajen mai. Yaran zem, wato 'yan acaɓa, sun jera babura tun daga shataletale har kusan masallaci. An ce masu ba mu taimako daga ƙetare sun rufe hannu, jiragen ruwa sun sauya tasha, sai an saki mutanen da ke tsare kafin su sake kallonmu.

Da safe na karanta sanarwa cewa komai yana tafiya daidai. Na dawo gida da ƙafa.

Juma'a, 12 ga Disamba, bayan masallaci

Metir Latif ya zo. Lauya ne, ɗan unguwarmu, na san shi tun yana yawo ba wando, yanzu kuwa ko cikin rana da wuyan kwat yake. Ya zauna a kan tabarma kamar za ta cije shi.

Ya ce, "Baba Gajere, akwai ƙofa, amma ƙarama ce."

Na ce, "Ni ma ƙarami ne, faɗi."

Ya ce afuwar Bonane, wadda Mai Kujera ke yi kowace sabuwar shekara, ba ta hawa kan wanda ba a yanke wa hukunci ba. Wanda ake tsare da shi kawai, a takarda ba shi da laifi, saboda haka ba abin da za a yafe masa. Sai ya amsa laifin, ya sa hannu, a yanke masa kafin ƙarshen wata, sannan sunansa ya shiga jerin waɗanda za a yafe wa.

Na ce, "Wato sai ya faɗa rijiya kafin a miƙo masa igiya."

Ya ce, "Haka doka take, Baba."

Hadijatu tana bayan labule. Ta ce, "In ba a miƙo igiyar ba fa?"

Latif ya dube ni. Ya ce, "Wannan Baba ya fi ni sani. Shi ke karanta jawabin."

Kuma gaskiya ya faɗa. Na fi kowa sani.

Asabar, 13 ga Disamba, da safe

Na sauko da akwatin kwano daga kan kabad. Jawabi ashirin da shida, duk da rubutun hannuna a gefe. Na baje su a kan gado na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kakata Sayyada, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini cewa labari yana da hanyarsa. In kura ta fita neman abinci sau biyu, sai ta fita na uku, ko mai ba da labarin yana so ko ba ya so. Jawabin mutumin nan haka yake. Ya gai da 'yan ƙasa. Ya gode wa sojoji. Ya ce an gina hanya. Ya ce maƙiya suna hassada. Ya yabi manoma, auduga da masara. Daga manoma sai afuwa. Daga afuwa sai addu'a. Sau ashirin da shida, ko a shekarar da aka yi harbi a kasuwa, ko a shekarar da ambaliya ta cinye gada, bai taɓa tsallake wurin nan ba. Bayan manoma, kafin addu'a.

Na kira Hadijatu na nuna mata. Ba ta karanta boko, amma ta duba kamar mai duba shinkafa. Ta ce, "Malam, wannan takarda ce."

Na ce, "Takarda ashirin da shida ce."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata, shekara arba'in ina fama da shi.

Litinin, 15 ga Disamba, azahar, a tasha

Motar Dapaong ba ta cika ba. Direba ya ce man da ya samu zai kai mu Mango, daga can sai yadda Allah ya yi.

Talata, 16 ga Disamba, da yamma, Dapaong

Na ga Fousséni. Ya rame, amma ba wannan ba ne. Mun yi magana.

Motar jiya ta mutu sau biyu, ɗaya kafin Kanté, ɗaya a tsakiyar daji. Wata mata mai kaji ta yi ta zagin direba da Kotokolanci, shi yana rama mata da Mobanci, ba wanda ke jin wani, amma kowa ya gamsu. Wani ɗan Nijar mai sayar da takalma ya ce da ni, "Tsoho, muryarka kamar ta mai rediyo." Na ce mutane da yawa suna faɗin haka. Ya ce, "Allah ya sa ba kai ba ne, don wannan mutumin da na gan shi sai na tambaye shi inda yake sayen ƙarya da arha haka." Na ce in na gamu da shi zan gaya masa.

Zénabou ta yi mini tuwo da miyar kuka. Ta ajiye ta fita. Ba ta zauna ba.

Mun yi magana da shi, na ce.

Laraba, 17 ga Disamba, da hantsi

Ya sa hannu.

Alhamis, 18 ga Disamba, bayan la'asar

Zénabou ta raka ni tasha. Sai da na sa ƙafa a mota ta buɗe baki.

Ta ce, "Baba, wata huɗu suna ce masa ya sa hannu, ya ƙi. Da duka ya ƙi, da yunwa ya ƙi. Kai ka zo ka yi cikin rabin awa."

Na ce, "Ban kama masa hannu ba."

Ta ce, "Ban ce ka kama ba."

Na ce, "Ranar ɗaya ga wata za ki ɗauko shi da kanki, ki zo ki ba ni haƙuri."

Ta ce, "Wallahi in ya fito, da gwiwa zan zo Sokodé." Ta gyara mini jakata a cinya kamar ni ne yaron, ta juya.

Yarinyar da na goya. Bakinta na uwarta ne sak.

Lahadi, 21 ga Disamba, da safe

Labari ya zaga zongo, unguwarmu ta Hausawa, cewa Gajere ya san sunayen da za su fito. Ban san wa ya fara ba. Tun asuba mata ke sallama. Wata tsohuwa daga Aouda ta zo da suna a rubuce a bayan kwalin sukari, da kaza a ɗaure. Ta ce, "Malam, kai ke faɗa, muna jin ka. In ka zo wurin sunaye ka sa nawa a tsakiya, ba wanda zai lura."

Na ce, "Iya, ni ba ni ke yafewa ba. Karantawa nake."

Ta ce, "Ai kai ke cewa na yafe. Da kunnena na ji bara."

Me zan ce mata? Gaskiyarta. Sauran masu fassara sukan ce "ya ce, ya ce". Ni ban taɓa ba. Kakata in ta zo wurin kura, kura take zama, har mu ja da baya daga tabarma. Haka na tashi, haka na kai gidan rediyo. In ya ce "ni", in ce "ni". Don haka aka riƙe ni aka sallami masu digiri. Shekara ashirin da shida ina taƙama da wannan.

Na mayar mata da kazarta. Ta bar kwalin.

Talata, 23 ga Disamba, azahar

Latif ya bugo waya. An yanke. Shekara bakwai. Ya ce kada lambar ta tsorata ni, lamba ce kawai ta kwana tara.

Ban gaya wa Hadijatu bakwai ba. Na ce an yanke.

Alhamis, 25 ga Disamba, da yamma

Maƙwabcinmu Kirista ya aiko mana da shinkafa kamar kowace shekara, sai dai bana ba nama a kai. Ya turo da ban haƙuri. Shi da ba shi ya rufe tashar jirgin ruwa ba, shi ke ba da haƙuri.

A rediyon waje na ji wani Bature yana cewa suna matsa lamba ne don talakawan ƙasarmu. Madalla. Su suna matsa, Mai Kujera yana turjewa, mu ne a tsakiya kamar gyaɗa a turmi. Shi dai ban ji an ce motarsa ta tsaya a Mango ba. Su ma ban ji an ce sun ci shinkafa gaya ba. Wanda ya ce yana yi don mu, da wanda ya ce shi ne ubanmu, ba wanda ya san ana sayen kalanzir da murfin kwalba yanzu.

Amma matsin nan alheri ne a gare mu. Haka na lissafa. Tunda suna neman a saki mutane, bana jerin zai fi na kullum tsawo. Zai ba su sunaye su yi shiru. Na gaya wa Hadijatu haka. Ta ce, "To."

Asabar, 27 ga Disamba, da safe

Bayan manoma, kafin addu'a.

Litinin, 29 ga Disamba, bayan magariba

Hadijatu ta wanke ɗakinsa. Ta shanya katifa. Ta ce ba don komai ba, ƙura ce ta yi yawa a ƙarƙashin gado. Ta kuma sa an kawo doya daga Adjengré, irin wadda yake so a daka. Ba ta dube ni ba.

Daraktan gidan rediyonmu, Abdoulaziz, ya ce takarda za ta iso ranar Laraba da la'asar, in ɗauki murya nan take, don a sa Hausar bayan na Faransanci. Ya ce, "Baba Gajere, ka sha zuma, bana ana son murya mai ƙarfi." Yaron kirki ne. Tsoro ne ya yi masa yawa, har in waya ta yi ƙara sai ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka.

Laraba, 31 ga Disamba, bayan isha'i

Babu.

Alhamis, 1 ga Janairu, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba wanda zan gaya wa.

Jiya takarda ta zo da mai rakiyarta, wani mai baƙin tabarau daga Lomé wanda bai faɗi sunansa ba. Ya zauna a kusurwar ɗakin ɗaukar murya yana danna waya. Shafi shida. Ban fara daga farko ba, na wuce kai tsaye wurin manoma. Auduga. Masara. Na juya shafi.

Na koma baya. Na murza takardar da yatsa ko biyu ne suka manne. Na ce da Abdoulaziz, "Shafi ɗaya ya faɗi a hanya."

Ya duba lambobi. Ya ce, "Cikakke ne, Baba."

A wurin da na sani, a daidai wurin, ga abin da ke rubuce: baƙi sun ce a buɗe ƙofofi, shi kuwa ba a ba shi umurni daga ƙetare, saboda haka bana ko ƙofa ɗaya ba za a buɗe ba, kowa ya cinye abin da alƙali ya yanka masa.

Na ajiye takardar. Na ce ba zan iya ba.

Abdoulaziz ya ja ni waje wurin randa. Ya ce, "Baba, don Allah. Mutumin nan ya san ɗan wa ke Dapaong. Da ya shigo shi ya fara tambaya. In ka fita yanzu, bakwai ɗin nan ba za ta tsaya bakwai ba."

Ashe har shi ya san bakwai.

Na sha ruwa. Na koma. Aka kunna jar fitila.

Abin da ke cina ba karantawar ba ce. An tilasta ni, Allah ya gani. Abin da ke cina shi ne na karanta da kyau. Na yi niyyar in yi ta da murya sanyi, in ce "ya ce", in bar maganar a bakinsa. Amma harshe ya san hanyarsa. Da na iso wurin sai na ji ƙirjina ya buɗe, muryar nan ta fito, wadda ke sa yara ja da baya daga tabarma. "Ni ba a ba ni umurni. Ko ƙofa ɗaya ba zan buɗe ba." Ko tuntuɓe ban yi ba. Sau ɗaya aka ɗauka.

Mai tabarau ya ɗago kai daga wayarsa. Ya ce, da Faransanci, ba ya jin Hausa, amma tsigar jikinsa ta tashi. Ya miƙo mini hannu.

Na karɓa. Wannan ma a rubuta.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Yara suna ta zagaya gidaje suna "Bonane, Bonane". Hadijatu ta raba musu doyar, ɗanya, kowa ɗaya. Suna mamaki.

A rediyo ta ji, tare da matan layinmu, kafin in iso gida. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaye ni: "Nawa aka yanka masa?" Na faɗa. Ta ƙirga a yatsu, ta tsaya a na bakwai, ta dubi hannun nata kamar na wani.

Ta ce, "Me ka ce masa a Dapaong?"

Na ce na nuna masa yadda jawabin yake tafiya.

Ta ce, "Fousséni ba ya sa hannu don jawabi. Me ka ce masa?"

Na fita sallar la'asar tun ba a kira ba.

Juma'a, 2 ga Janairu, da safe

Latif ba ya ɗaukar waya. Wanda ya amsa laifi da hannunsa ba shi da ɗaukaka ƙara, wannan ma ya san shi tun ranar da ya zauna a tabarmata. Ko da yake bai ɓoye ba. Ni ne ban tambaya ba, don ina da akwatin kwano.

Masu taimakon ƙetare sun fitar da sanarwarsu, sun ce sun yi takaici ƙwarai. Allah ya ba su haƙuri.

Asabar, 3 ga Janairu, azahar

A Dapaong na ce wa Fousséni in ni na haife shi ya sa hannu, in kuwa ya ƙi, ban yafe masa ba duniya da lahira.

Shi ke nan. Na rubuta.

Litinin, 5 ga Janairu, bayan la'asar, Dapaong

Zénabou ba ta zo tarye na a tasha ba. Na same ta a kasuwa. Ta gaishe ni yadda ake gai da baƙon da ya zo sayen albasa, ta miƙo mini kwanon abincinsa. Ta ce, "Yau kai za ka kai."

Aka fito da shi wurin waya mai raga. An sa masa rigar gidan yanzu, da lamba a ƙirji. Da can da kayansa yake.

Ya durƙusa ya gaishe ni. A can ciki, a kan siminti, ya durƙusa. Ya tambayi uwarsa, ya tambayi ƙafata mai ciwo. Na shirya magana tun daga garin Kara, ta gudu.

Ya ce, "Mun ji ka, Baba. Mai gadi ya kawo mana rediyonsa bakin ƙofa. Muryarka ta fita tas."

Na ce, "Fousséni."

Ya ce, "Duk mun ɗaure kayanmu tun rana. Da ka fara sai na ce musu ku yi shiru, babana ne. Da ka zo kan auduga wani har ya sa takalmi."

Na ce, "Ku nawa?"

Ya ce, "Goma sha ɗaya, ban da ni. Da suka ga na sa hannu suka tambaye ni dalili. Na ce babana ne ke karanta jawabin, ya san yadda yake tafiya. Sai suka sa."

Goma sha ɗaya. Akwai wanda aka yanka wa shekara goma a ciki, wani makiyayi da ko Faransancin da ya dangwala wa yatsa bai ji ba.

Na ce ya zage ni. Na ce, "Ka zage ni, na halatta maka." Ya yi murmushi irin na uwarsa, ya ce, "Haba Baba."

Mai gadi ya buga ƙarfe, lokaci ya yi. Fousséni ya karɓi kwanon ta ƙaramar taga. Har ya juya, sai ya dawo ya matso da bakinsa jikin raga, ya rage murya.

Ya ce, "Sun ce in tambaye ka. Suna jira in koma. Baɗi fa? Kai ka san jawabin. Baɗi akwai?"

Bakina ya buɗe da kansa. Amsar tana nan a shirye, mai daɗi, da muryar da za ta kai shi har ɗaki ta kwantar da mutum goma sha biyu. Na ji ta tana hawowa.

Na ce, "Ban sani ba."

Ya dube ni har sai da mai gadi ya sake buga ƙarfen. Ya ce, "To. Haka zan gaya musu."